Darasi: Hawan Tsaunin Yari a Ƙasar Japan

Tsaunin Yari, wanda Japanawa ke kira Yarigatake, yana tsakiyar tsibirin Honshu, a kan iyakar lardin Nagano da na Gifu. Tsayinsa mita 3,180 ne daga saman teku, kuma shi ne na biyar a tsawo a duk ƙasar. Tsaunin Fuji ya fi shi da kusan mita 600, amma Fuji da ƙafa kawai ake hawansa, mutum ya yi ta takawa har ya kai. Yari kuwa sai an haɗa da hannu. An sa masa sunan Yari, wato mashi, saboda ƙololuwarsa siririya ce mai tsini, ana gane ta daga nesa ko da tsaunuka ɗari sun jeru. Domin a ji girman abin, tsauni mafi tsawo a Najeriya, wato Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419 ne.

Yari ɗaya ne daga cikin jerin tsaunukan Hida, waɗanda tun 1934 suke cikin gandun da gwamnati ta keɓe mai suna Chubu-Sangaku. Siffarsa aikin ƙanƙara ce. A zamanin da duniya ta fi yanzu sanyi, dusar ƙanƙara ta taru ta daskare a kwaruruwan da ke kewaye da shi, tana gangarowa a hankali tana kankare dutse ta kowane gefe, har abin da ya rage a tsakiya ya zama tsini. Doro huɗu ne suka fita daga ƙololuwar, gabas da yamma, kudu da arewa, kuma tsakanin kowane biyu akwai kwari mai zurfi. Ta ɗaya daga cikin kwaruruwan nan, mai suna Yarisawa, kogin Azusa ya faro, kuma ta nan ne mafi yawan masu hawa suke bi.

Waɗanda suka fara hawa

Mutumin da aka san ya fara kaiwa ƙololuwar ba ɗan wasa ba ne. Wani malamin addinin Buddha ne mai suna Banryu, wanda ya hau a 1828 tare da wani ɗan ƙauye da ya san dajin, ya ajiye gumakan ibadarsu a sama. A wurin mutanen wancan zamani manyan tsaunuka wuraren bauta ne, hawansu kuma ibada ce. Banryu ya sake hawa sau da dama, yana kwana a wani kogo da ke ƙarƙashin wani katon dutse a kwarin Yarisawa, wanda har yau masu wucewa ke gani a gefen hanya. Damuwarsa ita ce yadda talakawa mabiyansa za su iya kaiwa inda ya kai. Ya fara rataya igiya, daga baya mabiyan suka tara ƙarfe aka ƙera sarƙa, aka kafa ta a 1840, shekarar da ya rasu. Ke nan sarƙa a jikin Yari ta girmi wasan hawan dutse a Japan.

Turawa sun zo daga baya. William Gowland, wani Bature ɗan Ingila masanin ƙarafa da ke aiki a gidan buga kuɗi na Osaka, ya hau a ƙarshen shekarun 1870, kuma shi ya fara kwatanta waɗannan tsaunuka da Alps na Turai. Walter Weston, ɗan mishan daga Ingila, ya hau a 1892, ya kuma fitar da littafi a 1896 wanda ya sanar da duniya wurin. Mafarautan yankin ne suka yi wa Weston jagora, fitaccensu shi ne Kamijo Kamonji. A 1902 wani ma'aikacin banki daga Yokohama, Kojima Usui, ya hau Yari don sha'awa kawai, daga baya ya haɗu da Weston, kuma wannan haɗuwar tana cikin abubuwan da suka haifar da ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Japan a 1905. Ana yawan ɗora wa Weston yabon buɗe tsaunin, har ana masa biki a kwarin Kamikochi ranar Lahadin farko ta watan Yuni. Yabon ya ɗan yi yawa, tunda ya tarar da hanya, ya tarar da masu nuna ta.

Lokaci da shiri

Ga wanda ba gwanin ƙanƙara ba, lokacin hawa gajere ne: daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Kafin nan damina ce, wadda ke kama yankin daga Yuni zuwa wajen tsakiyar Yuli, kuma dusar ƙanƙara tana kwance a saman kwarin, ba a ratsa ta sai da ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a tafin takalmi. Agusta da Satumba kuma watannin guguwar teku ne. Idan an yi shelar guguwa na tafe, ba a tafiya, ko da an riga an biya kuɗin masauki.

Sanyi ne abin da baƙo ya fi rainawa. Duk mita 100 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 0.6. Ranar da mutanen birnin Matsumoto, wanda ke wajen mita 600, suke fifita cikin digiri 30, a saman Yari abin bai wuce 15 ba da tsakar rana, da asuba kuwa yana iya sauka ƙasa da 5. A ƙara iska, a ƙara jiƙewa, sai jiki ya fara zubar da ɗuminsa fiye da yadda yake samarwa. Mutum ya fara karkarwa, harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice, ya zauna ya ce zai huta kaɗan. A watan Yulin 2009, a tsaunin Tomuraushi na tsibirin Hokkaido, mutum 8 daga cikin ayarin mutum 18 sun mutu ta wannan hanya, a tsakiyar bazara, a tsaunin da bai kai Yari tsawo ba. Saboda haka rigar ruwa da wandonta wajibi ne ko sama ta yi garau. Ba a sa auduga a jikin fata, domin tana shan gumi ta riƙe. Ulu ko yadin roba mai saurin bushewa ake sawa. Sauran kayan su ne takalmi mai kama idon sawu wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, rigar sanyi, safar hannu, tocilar goshi, taswira, ruwa da ɗan abin taɓawa. Hular kwano ma tana ciki. Hukumomin Nagano sun sa Yari da maƙwabtansa cikin wuraren da suke so a riƙa sa ta, kuma wasu masaukai suna ba da haya.

Akwai kuma takarda. Dokar lardunan Gifu da Nagano ta wajabta wa mai hawa ya rubuta sunansa, hanyar da zai bi, inda zai kwana, ranar da zai sauko da wanda za a kira idan bai dawo ba. Ana jefa ta a akwati a bakin hanya ko a cike ta intanet. Idan mutum ya ɓace, da ita 'yan sanda ke sanin kwarin da za su fara dubawa. Jirgin sama mai saukar ungulu na 'yan sanda ba a biyansa, amma idan aikin ceto ya kai ga ɗauko mutanen gari ko jirgin kamfani, wanda aka ceto ko iyalinsa ne ke biya, shi ya sa masu hawa da yawa ke yin inshora.

Daga Kamikochi zuwa kafaɗar tsauni

Tafiyar na farawa daga Kamikochi, wani faffaɗan kwari da ke wajen mita 1,500. Ba a barin motar gida ta shiga, sai bas ko tasi, kuma hanyar a buɗe take daga tsakiyar Afrilu zuwa 15 ga Nuwamba kawai. Daga nan zuwa ƙololuwa wajen kilomita 20 ne, kuma abin da aka saba shi ne kwana uku: biyu a hawa, ɗaya a saukowa.

Rabin farko na ranar farko ba ya kama da hawan dutse ko kaɗan. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya cikin daji a gefen kogin Azusa, ana wuce Myojin, a wuce Tokusawa, a isa Yokoo bayan kilomita 11 da tafiyar sa'a uku, kowane zango da masaukinsa da wurin shan ruwa. Birai na zama a tsakiyar hanya suna tsince-tsince, ba su kula mutane. Ba a ba su abinci, ba a kuma ƙura musu ido. Akwai beyar baƙa a dajin, shi ya sa ake jin 'yan ƙararrawa na kaɗawa a jakunkunan matafiya, don dabbar ta ji motsi ta kauce. Duk wanda aka yi kiciɓis da shi a hanya ana gaisawa, kuma inda hanya ta matse mai saukowa ne ke tsayawa ya ba mai hawa wuri, ya raɓe ta gefen dutse, ba ta gefen rami ba. Daga Yokoo hanya ta ƙanƙance ta fara tashi, bayan kamar sa'a biyu a kai masaukin Yarisawa, a wajen mita 1,820, inda yawanci ake kwana.

Rana ta biyu ce ranar aiki. Mita 1,200 da ɗoriya za a hau cikin sa'a huɗu da rabi zuwa biyar. Kwarin ya buɗe ya yi faɗi, bangonsa a tsaye, ƙasansa a kwance, alamar ƙanƙarar da ta sassaƙe shi. A wajen mita 2,500 dogayen itatuwa sun ƙare, sai wani gajeren itace mai rarrafe a ƙasa, wanda a cikinsa wata tsuntsuwa mai kama da fakara ke ɓuya. Japanawa na kiranta raicho, tana yin fari fat da hunturu, kuma doka ta hana taɓa ta. Daga nan sama babu inuwa, babu ƙasa, sai tarin duwatsu. Hanya ba ta da wata alama face fenti: inda aka zana da'ira a jikin dutse nan ne hanya, inda aka zana gicciye an hana bi. A kilomita ɗaya da rabi na ƙarshe an rubuta lambobi a kan duwatsu, 1500, 1400, 1300, masu nuna mitocin da suka rage zuwa masaukin sama. Tsinin tsaunin na tsaye gaban mutum kamar ya miƙa hannu ya taɓa, amma lambobin ba sa raguwa da sauri.

A nan ne tsawo ke fara nuna kansa. A mita 3,000 iskar da huhu ke samu a kowane numfashi wajen kashi 70 cikin ɗari ce ta abin da yake samu a bakin teku. Wasu ba sa jin komai sai haki. Wasu kuma kai ya yi ta sara, zuciya na tashi, abinci ya fita rai, barci ya gagara. Ƙarfi ko ƙuruciya ba sa kare mutum daga wannan, sau da yawa ma matashin da ya yi gaggawa shi ne ke fara kwantawa. Abin da ke taimako shi ne ƙananan taku, shan ruwa akai-akai, da kwanan da aka yi a ƙasa kafin a hau. Idan ciwon ya ƙi sauƙi bayan hutu, maganinsa saukowa.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a tsaunukan Japan ita ce sammako. Ana barin masauki da ƙarfe biyar ko shida na safe, a isa na gaba kafin uku na yamma. Dalilin a sararin sama yake. Da bazara, zafin safiya na ɗaga tururi daga kwaruruwa, zuwa azahar hadari ya haɗu a kan tsaunuka, bayan nan sai tsawa. Mutumin da ke kan doron dutse shi ne abu mafi tsawo a wurin. Ranar 1 ga Agusta 1967, aradu ta faɗa wa ɗaliban wata makarantar sakandare ta Matsumoto suna saukowa daga tsaunin Nishi-Hotaka, kudu da Yari a jeri ɗaya, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana, 11 suka mutu. Wanda ya iso masauki da magariba ba a yi masa kallon jarumi, faɗa ake yi masa.

Masaukin sama

A kafaɗar tsaunin, wajen mita 3,080, akwai masaukin Yarigatake Sanso, wanda Hokari Misuo ya gina a 1926, yanzu kuma yana ɗaukar ɗaruruwan mutane. Ba otal ba ne. Ana cire takalmi a ƙofa, a ba mutum katifa da bargo a ɗaki ɗaya da baƙi, a jere kafaɗa da kafaɗa. Akwai ɗakin shanya jiƙaƙƙun kaya, babu wurin wanka. Abincin dare wajen ƙarfe biyar ne, a zubi-zubi saboda yawan jama'a: shinkafa, miyar waken soya, kayan lambu, kifi ko nama. Abu ɗaya ake dafa wa kowa, kuma naman alade na yawan shiga ciki, don haka mai kiyaye abin da yake ci sai ya yi magana tun lokacin kama wuri ko ya taho da guzurinsa. Tsakanin takwas da tara na dare ake kashe wuta.

Komai a nan da tsada, kuma da dalili. Jirgi mai saukar ungulu ne ke kawo shinkafa da iskar gas. Ruwa ma sayarwa ake yi, tunda a kan doro babu rafi. Babu kwandon shara a ko'ina, abin da mutum ya hau da shi da shi zai sauko, har ɓawon lemo. Tun annobar korona a 2020 masaukan suka rage yawan mutanen da suke karɓa, sai an kama wuri tun kafin a taso. Mai tanti yana da 'yan filayen da aka ware tsakanin duwatsu, ba a kafawa a wani wuri dabam.

Mita ɗari na ƙarshe

Daga ƙofar masauki zuwa ƙololuwa mita 100 ne a tsaye, aikin rabin sa'a idan babu cunkoso. Ana ajiye jaka a ƙasa, a sa hular kwano, a ɗaure igiyarta a haɓa. Sandar tafiya ba ta da amfani a nan, hannu biyu ake so a sake. An raba hanyar biyu a mafi yawan wurare, ta hawa dabam ta saukowa dabam, da kibiyoyin fenti masu nuna kowace. Akwai sarƙoƙi, akwai ƙusoshin ƙarfe da aka kafa a dutse don taka ƙafa, akwai tsani na ƙarfe, kuma na ƙarshe, hawa biyu a jere, a miƙe suke sak.

Dabarar guda ce, kuma ita ake koya wa kowa: cikin hannu biyu da ƙafa biyu, uku na riƙe, ɗaya ne kawai ke motsi. Mai tsoro yakan manna ƙirjinsa da dutse, sai ya kasa ganin inda zai sa ƙafa, tafin takalminsa kuma ya daina kamawa. Daidai shi ne a ɗan janye jiki, a bar nauyi a kan ƙafafu, hannu na daidaita tsayuwa kawai. Sarƙa abin taimako ce, ba a rataya duk jiki a kanta, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe ta tsakanin ƙusa da ƙusa, domin idan biyu suka kama, motsin ɗaya na fizgar ɗayan. A kan tsani matakalar ake kamawa, ba sandunan gefe ba, saboda idan ƙafa ta zame yatsu na iya riƙe matakala. Wanda ya ture dutse, ko ƙarami ne, ya yi ihu nan take ya ce “raku”, na ƙasa su ji su kare kai. Kunyar yin ihun ta fi turewar muni.

Saman ɗan fili ne na tarin duwatsu, mutum ashirin ko talatin sun cika shi, da wani ɗan ƙaramin ɗakin bauta na katako a ƙarshensa na arewa. Babu shinge. Idan gari ya waye garau ana hango tsaunukan Hotaka a kudu, Tateyama da Tsurugi a arewa, Fuji can nesa. Da yawa na hawa cikin duhun asuba da tocila don ganin fitowar rana. A ranakun hutu na tsakiyar Agusta da na Satumba kuwa layi ake bi, abin rabin sa'a ya koma sa'o'i, mutum na tsaye a kan ɗan taki ɗaya iska na kaɗa shi. Idan dutsen a jiƙe yake ko iska ta yi ƙarfi, a haƙura a jira safiya. Wannan na cikin amfanin kwana a kafaɗar.

Saukowa da sauran hanyoyi

Tsanin ne ke ba mutane tsoro a hoto, amma a wurin kowa a farke yake, yana lura da kowane yatsa. Rahotannin 'yan sandan Nagano shekara da shekaru suna nuna cewa zamewa da faɗuwa ne kan gaba a haɗurran tsauni, da yawansu a lokacin saukowa, kuma masu matsakaicin shekaru da tsofaffi ne suka fi yawa cikin waɗanda abin ke rutsawa da su. Ba abin mamaki ba ne. A rana ta uku cinya ta gaji, gwiwa na rawa, hankali ya riga ya tafi gida, ga kilomita 20 a gaba da bas ɗin ƙarshe da ake son cimmawa. A kan tsinin ana saukowa ne fuska na kallon dutse, kamar yadda aka hau. A cikin kwarin kuma sai a rage taku, a ci wani abu duk sa'a, a ƙara ɗaure takalmi don kada yatsu su riƙa dukan gaba. Wanda ya ga lokaci ya ƙure masa ya kwana a Yokoo ko Tokusawa.

Yarisawa ba ita kaɗai ce hanya ba. Daga gefen Gifu ana tasowa daga Shin-Hotaka, hanya mai ɗan gajarta amma ta fi tsayuwa, kuma tana ratsa rafuka da ke cika nan da nan idan an yi ruwa. Daga gabas akwai wadda ta faro daga Nakabusa ta hau tsaunin Tsubakuro, sannan ta bi doro kwana biyu ko uku tsinin Yari na gaban mutum. Doron arewa, Kitakama, ba shi da fenti ko sarƙa, na gwanaye ne. A can Kato Buntaro, wanda ya yi suna da hawa shi kaɗai cikin hunturu, ya mutu a Janairun 1936.

Ta kudu kuma hanya ta nufi Hotaka, ta ratsa wani gibi da ake kira Daikiretto, tsakanin tsaunukan Minami-dake da Kita-Hotaka. Doron ya faɗa ƙasa wajen mita 300 sannan ya sake tashi, a wasu wurare faɗinsa bai wuce na taku ɗaya ba, rami ta dama rami ta hagu. Ratsa shi na cin sa'a uku zuwa huɗu, kuma babu wata hanyar kaucewa a tsakiya, wanda ya shiga sai dai ya ƙarasa ko ya koma ta inda ya fito. Ana kwana a masaukin Minami-dake ko na Yari, a duba hasashen yanayi da dare, a sake dubawa da asuba, kuma ba a shigarsa sai mutum ya riga ya hau tsinin Yari ya sauko ba tare da ƙafarsa ta yi rawa ba.